Ɗiyata ta ce kwaɗi da macizai za ta karanta, akwai abinci a wannan hanyar?

Baban Ummi, Daura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tsohon malamin firamare ne, na aje aiki ina hedimasta, ina zaune a Daura, gidanmu ba shi da nisa da rijiyar Kusugu. Ƙanena ne ya nuna mani wannan zaure, ya ce akwai masu ilimi a ciki. Shi ya sa na kawo maganar nan, don ta kwana biyu tana hana ni barci.

Ɗiyata ta fari ta gama digiri a fannin ilimin dabbobi, ta yi bautar ƙasa a jihar Gombe ta dawo. Sakamakonta mai kyau ne, alhamdu lillahi. Abin da na tsara mata a raina shi ne ta samu koyarwa a sakandare, ko ta ƙaro wani kwas da zai kai ta ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ta yi aure, hankalina ya kwanta. Sai ga ta da maganar digiri na biyu, kuma wai a kan kwaɗi da macizai da ƙadangaru. Tun tana ajin ƙarshe na ga alama. Aikin kammala karatunta a kan kwaɗin kududdufin bayan unguwarmu ta yi shi. Damina guda tana jan ƙanenta da tocila bayan isha'i, su dawo da laka har gwiwa, ta zauna tana rubutu a wani littafi mai baƙin bango har mu yi barci mu bar ta. Na ɗauka abin makaranta ne, zai wuce. Bai wuce ba.

Mahaifiyarta ta ce sam. Ta ce garin da tarihinsa ya fara da kashe macijiya ba a nan za a ce ɗiyarta ce ke bin macizai ba. Kakarta kuwa cewa ta yi a nemi malamai su yi mata addu'a. Ni na tsaya a tsakiya. Shekara 35 ina gaya wa iyaye su bar 'ya'ya mata su yi karatu, yau abin ya zo gidana, kunya nake ji in zama mai tare hanya. Amma ni ma tsoron nake ji.

Don Allah wanda ya san wannan fanni ya gaya mani gaskiya. Aiki ne da mutum zai ci abinci da shi a ƙasar nan? Yaya haɗarinsa, musamman ga ɗiya mace? Kuma wane amfani zai yi wa jama'a, wanda in an tambaye ni a masallaci zan iya buɗe baki in faɗa?

Ɗan Ƙofar Sauri

Wa alaikumus salam Baba. Irin karatun da ta yi na yi, shekara shida ke nan da gamawa. Yanzu haka a rumfar POS nake a bakin kasuwa, da ita nake ciyar da iyali. Cikin waɗanda muka gama tare, mutum biyu kaɗai na sani da ke aikin da ya shafi abin da muka karanta, su ma koyarwa ce. Ba ilimi nake kushewa ba, amma Baba ka dubi halin da ake ciki. Dajin da za ta shiga neman macizan, wa ke shigarsa yanzu? Manomin da ke da gonar gado a Batsari ko Safana ma sai ya yi shahada yake zuwa, balle mace da tocila cikin dare. Shawarata ta nemi difloma ta koyarwa ko wani abu na ɓangaren lafiya. In ta samu abin yi, ta ci gaba da kallon kwaɗinta don sha'awa, ba wanda zai hana ta.

Malamin jami'a, Katsina

Malam hedimasta, Allah ya ƙara girma. Wani ɗalibina ne ya turo mani tambayarka, ya ce da ni ake. Shekara 24 ke nan ina koyar da ilimin dabbobi a jami'a, kuma duk binciken da na yi tun daga digiri na biyu har yau a kan kwaɗi ne da masu jan ciki. Zan faɗa maka yadda na same ta, zaƙinta da ɗacinta, sai ka auna.

Ni ba sha'awa ce ta kawo ni ba, rashi ne. Ina aji biyu na sakandare kububuwa ta sari yayana a gonarmu ta wajen Ajiwa, lokacin roron wake. Ya kai hannu ƙarƙashin tarin harawa ke nan. Macijiyar ko tsawon hannunsa ba ta kai ba. Aka ɗaure mashi damtse da igiya tamau, aka tsaga wurin da aska, aka ba shi jiƙo ya yi ta amai. Kwana biyu yana zaune a zaure yana fira da masu dubiya, har ana cewa ya tsallake. A rana ta uku dasashinsa ya fara zubar da jini, tsagar da aka yi mashi ta ƙi tsayawa, fitsarinsa ya koma ja. Ranar da manya suka yarda a kai shi asibiti, a bayan mota ya cika. Na ƙudurta sai na zama likita. Maki bai kai ba, aka ba ni ilimin dabbobi a Zariya, na karɓa raina ba daɗi.

A ɗakin karatu na jami'a na ci karo da abin da ya juya mani rayuwa. Na samu rubuce-rubucen wani likita Bature, David Warrell, wanda ya yi aiki a asibitin Zariya a shekarun 1970 yana bin waɗanda kububuwa ta sara. A nan na fahimci abin da ya kashe yayana. Dafinta ba ya kayar da mutum nan take, sinadaran da ke sa jini ya daskare yake cinyewa a hankali, mutum yana tafiya da ƙafarsa alhali jininsa ya zama kamar ruwa. Ita ce Bahaushe ke ce wa gobe-da-nisa. Kuma tsagar da muka yi mashi da nufin taimako, ƙofa muka buɗe wa jinin. Sannan na ga wani aikin da masu bincike daga Libaful, Pugh da Theakston, suka yi a Malumfashi a kan saran maciji da tofin gamsheƙa, aka buga a 1980. Malam, na daɗe ina kallon sunan Malumfashi a takardar da aka buga a Ingila. Mutane sun ƙetaro teku, sun zauna da manomanmu ta bakin tafinta, suna tambayar su abin da kakana ya sani tun yana kiwon awaki. Mu da muka sha shi a nono ba mu rubuta komai ba.

Da na koma digiri na biyu na ce macizai nake so. Malamina, Allah ya jiƙansa, ya ce a'a, da kwaɗi zan fara. Ya ce wanda bai iya haƙurin kwaɗo ba, bai kamata ya kusanci maciji ba. Na ji haushi a lokacin, daga baya na gane ya yi mani gata.

Bari in kwatanta maka aikin, don kar ka zaci wasan gardawa ne. Duk rani kana jira. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, wajen watan Yuni, da magariba za ka ji fadamar da jiya ƙura ce ta ɗauki kuka kamar an kunna inji. Waɗannan kwaɗin ba daga sama suka faɗo ba, kamar yadda muke ji muna yara. A ƙarƙashin ƙasa suka yi rani. Wasu irin burduddugi har rufe jikinsu suke da busasshiyar fatar da suka saɓa, kamar jaka, don kada ruwan jikinsu ya tsere, su yi wata da watanni a haka. Maza ne ke kukan, suna kiran mata, kuma kowane iri da muryarsa. Wani kamar ana buga ƙwarya, wani kamar an ja tsinke a kan mataji, wani siririn fito. In kunnenka ya goge, kana tsaye a bakin ruwa cikin duhu za ka lissafa iri nawa ke wurin ba ka kama ko ɗaya ba. Muna naɗar kukan a waya, mu auna zafin ruwa da zurfinsa, mu kama kaɗan mu gwada tsawo da nauyi, mu ɗauki hoto, mu mayar. Don ƙadangaru da kulɓa da ƙananan macizai kuwa, bokitai muke binnewa a jere bakinsu daidai da ƙasa, mu kafa shingen leda a tsakani, abin da ya biyo shingen ya faɗa ciki. Da asuba dole ka je ka duba kafin rana ta gasa su. Bayan haka sai watanni na zama gaban kwamfuta da lissafi da rubutu, wanda shi ne kashi mafi yawa na aikin, kuma shi ne wanda ɗalibai ba su zata ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai a shekarun nan shi ne tseren da 'ya'yan kwaɗi ke yi da rana. An yi ƙwai a ɗan tafkin da bai fi faɗin tabarma uku ba. Dole su ƙyanƙyashe, su fitar da ƙafafu, wutsiya ta shanye, kafin ruwan ya ƙafe. In ruwan sama ya ɗauke na mako biyu a tsakiyar damina, sai ka zo ka tarar da su baƙi ƙirin a manne da busasshiyar laka, zuriyar shekara guda ta tafi. Manomi na kallon geronsa yana yaushi, ni ina kallon wannan, fari ɗaya ne ya same mu.

Ka tambayi amfani. Na farko, ba mu san abin da muke da shi ba, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kudu sun fi mu nisa. A Neja Delta, Godfrey Akani da wani Ba'italiye Luca Luiselli sun shafe shekaru suna rubutu a kan macizai da kunkuran yankin. A duwatsun Idanre na jihar Ondo akwai wani kwaɗo da ba a san shi ko'ina a duniya ba sai can. Wani masani ɗan Denmak, Arne Schiøtz, ya bayyana shi a 1963, sannan aka shafe sama da shekara 40 ba wanda ya sake ba da labarinsa, sai a 2013 Abiodun Onadeko na Jami'ar Legas da abokan aikinsa suka hau dutsen suka same shi yana nan. Mu nan, daga Jibiya zuwa Daura zuwa Ɓaure, in ka buɗe taswirar da masana ke nuna inda aka taɓa ganin kowace halitta, fili ne fetal, sai ɗigo nan da can. Ba don babu dabbobin ba, don babu mai rubutawa. Kada ma, da girmansa, sai a 2011 binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar cewa wanda ke ruwayen Afirka ta Yamma jinsi ne daban da kadan kogin Nilu da aka daɗe ana haɗa su. In aka yi wannan kuskuren a kan kada, ina ga ɗan kwaɗon da bai kai babban yatsa ba?

Na biyu, suna ƙarewa muna kallo. Babban nazarin duniya da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna cikin barazanar ƙarewa, sun fi tsuntsaye da masu shayarwa shiga haɗari. Na masu jan ciki da aka fitar a 2022 ya ce kashi 21. A wasu ƙasashe, kamar Ostareliya da tsakiyar nahiyar Amurka, wata cutar fata ce ta yi masu kisan kiyashi. Mu namu a fili yake. Kududdufan da na fara aiki a kansu a gefen birnin Katsina, yawancinsu an cike su da shara an yanka filaye, ruwan da suke shanyewa da can shi ne yanzu yake shiga ɗakunan mutane a watan Agusta. Ga maganin ciyawa da na ƙwari da ake fesawa, a wanke tankin feshin a bakin tafki. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashinsa, don haka duk gubar da ta shiga ruwa shi take fara samu kafin ta kai ga akuya ko yaro. Ga kuma fatauci. Ana kama manyan kwaɗi a arewacin Nijeriya da Nijar da Benin, a ƙyafe, a cika buhuna a kai kasuwannin kudu maso yamma, miliyoyi a shekara. Ba na zagin mai kamawa, abinci yake nema. Amma kwaɗin nan su ke cin fara da ƙwarin gona, 'ya'yan wasu irinsu har tsutsar sauro suke ci a ruwa, kuma ba wanda ya zauna ya lissafa nawa za a ɗiba a bar iri.

Sai babban kunkurun nan na Sahel da ake ajewa a gidajen manya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da Aldabara, kuma yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Na gan shi a tsakar gida sau da yawa, yara na hawa bayansa. A daji, da raminsa da ya haƙa da kansa, ban taɓa katarin ganinsa a jiharmu ba duk yawon da na yi. Wannan yana yi mani ciwo.

Yanzu maganar abinci. Ɗan'uwana na Ƙofar Sauri bai yi ƙarya ba. Da digirin farko kaɗai babu aiki a wannan fanni. Hanyar ita ce jami'a ko kwalejin ilimi: ka fara daga mataimakin malami, ka yi digiri na biyu da na uku, kana hawa da yawan abin da ka wallafa. Ni digirina na uku shekara shida ya ci, tsakanin yajin aiki da rashin kuɗin bincike. Akwai daminar da na sayar da babur ɗina na sayi bokitai da batura na biya yaran da ke taya ni. Albashin malamin jami'a zai rufa mata asiri, ba zai sa ta yi arziki ba, wannan ka sani tun yanzu. Amma akwai ƙofofin da ba mu samu ba a zamaninmu. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai da bincikensu. Gidauniyar Rufford ta Ingila da asusun Mohamed bin Zayed na Abu Dabi suna ba da ƙananan tallafi ga masu aikin kare halittu, kuma matashin da ya fito daga yankin da ba a bincika ba yana da abin faɗa a takardar nema. A Jos akwai cibiyar APLORI da ke ba da digiri na biyu a fannin kare halittu. Asalinta ta tsuntsaye ce, amma horon lissafi da tsara bincike da ake samu a can zai yi wa mai kwaɗi aiki. In ta iya Turanci na rubutu da lissafin ƙididdiga, ba za ta zauna haka nan ba.

Tsaro kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ya yanke mana rabin aiki. Wuraren da na kafa bokitai a gefen dajin Rugu, na fi shekara goma ban taka ba, kuma ba zan tura ɗan kowa ba. Amma aikin bai tsaya a daji ba. Kududdufin cikin gari, gonakin bayan gari, lambunan bakin madatsun ruwa irin Ajiwa da Daberam, rumbunan hatsi, duk wuraren bincike ne, kuma su ne inda mutum da dabbar ke haɗuwa. Ɗalibaina mata ba sa fita su kaɗai. Mu kan fita mu huɗu ko biyar, da sanin mai unguwa, da muharraminta in iyaye sun so, kafin sha ɗaya na dare kowa yana gida. Kuma akwai abin da mace ke iyawa wanda ni ban iya ba. Ni a zaure nake tsayawa. Ɗalibata tana shiga har madafi, ta ji daga bakin matan gida inda suka ga maciji, a tarin itace ne ko akurkin kaji ko bayan randa, da abin da suka yi wa yaron da aka sara kafin maigida ya dawo. Rabin labarin yana cikin gida, kuma shekara da shekaru ba mai ɗauko shi.

Wannan littafin mai baƙin bango da ka ambata, shi ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Ɗalibai da yawa na zuwa mani don ba su samu wani malamin ba. Wadda ta yi damina guda tana rubutu ba wanda ya tsaya a kanta, ba kullum ake samun irinta ba.

Maman Sadik

Baba ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara tara a wani asibitin karkara a kudancin jihar nan. Ina so in ƙara a kan abin da Malam ya faɗa, ta ɓangarenmu.

Lokacin shuka da lokacin girbi ba ma rasa wanda maciji ya sara. Yawanci manoma ne da makiyaya da yara, kuma sai sun kwana biyu wajen mai magani ake kawo su, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi saboda ɗauri. Abu na farko da muke yi shi ne mu ɗebi jini mu zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, mu aje minti 20. In bai daskare ba, mun san aikin kububuwa ne. Maganin kuma ba ɗaya ba ne ga kowane maciji. Da dafin macijin ake yin sa, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, sannan a tace maganin daga jininsu. Wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ya yi wa kububuwarmu aikin kirki, mutum ya kashe kuɗinsa jini bai tsaya ba. Maganin EchiTAb da ake amfani da shi a asibitin Kaltungo na jihar Gombe, macizan ƙasar nan aka kama aka kai Libaful aka tatsa kafin a samar da shi. To wa ya kamo su, wa ya tantance cewa irin da ake nema ne? Irin su ɗiyarka ne, Baba. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya daɗe yana wannan yaƙin ta ɓangaren likitanci, amma likita na buƙatar wanda zai gaya mashi wane maciji ke wace ƙaramar hukuma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. A 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma tana son a rage mace-macen da rabi kafin 2030.

Tunda jama'a na karantawa: in ya faru, kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da yana cewa lafiyarsa lau. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sannan a tafi asibiti.

Abu Abdullahi

Malam, game da abin da za ka faɗa a masallaci. A cikin Suratul An'am Allah ya gaya mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. Kuma ya inganta cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Maciji mai cutarwa an yi umarnin kashe shi ko da mutum yana cikin salla. Sanin wanne ne mai cutarwa da yadda za a ceci wanda ya sara, ilimi ne mai amfani. Abin da zan ja hankali kawai shi ne fitar dare: a kiyaye mata mutuncinta da muharrami, kuma kar a bar mahaifiyarta a baya, a nemi yardarta da lallashi.

Baban Ummi, Daura

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam na jami'a, Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Jiya bayan la'asar na karanta wa mahaifiyarta duka, tun daga na Ƙofar Sauri har na Malam Abu Abdullahi, ita yarinyar tana zaune. Da na zo wurin Kaltungo sai ta fashe da kuka. Ashe lokacin bautar ƙasa ta je asibitin da ƙafarta, ta ga yara kwance da ƙafafu a kumbure, ba ta taɓa gaya mana ba don kar mu tsorata.

Uwar ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina cewa sam. Tambaya biyu ta ce in yi maka. Da hannunta za ta riƙa kama macijin? Kuma wane namiji ne zai zauna da mai wannan aiki? Ni kuma in ƙara da tawa: kududdufin nan da ta yi aiki a kansa, an fara zuba mashi ƙasa ta gefen gabas, na ji an ce an sayar da wurin.

Malamin jami'a, Katsina

Amin Malam, na gode. A gaishe da Hajiya, a gaya mata tambayarta ta uwa ce, kuma ga amsa.

A shekara 24 maciji mai dafi bai taɓa sara na ba, bai taɓa saran ɗalibina ba, alhamdu lillahi. Ba laya ba ce, ƙa'ida ce. Ba mai fita sai da dogon takalmin roba da tocila mai kyau. Ba a sa hannu inda ido bai gani ba. Mai dafi da sanda mai ƙugiya ake ɗaga shi, a sa a bokiti mai murfi, kuma ɗalibin digiri na biyu ba ya yin wannan sai ina tsaye. Duk macijin da ba a tantance ba, mai dafi ne har sai an tabbatar. Akwai wani maciji mai cin ƙwan tsuntsaye, haƙoran kirki ma ba shi da su, amma zanen jikinsa kamar na kububuwa, har goga jikinsa yake yana fitar da irin sautinta don a ji tsoronsa. Ni da na san shi, ba na yarda da kallon farko. Galibin macizan da ake kashewa a gidajenmu irin waɗannan ne marasa cutarwa, wasu ma ɓeraye suka biyo rumbu. In ta bi ta hannuna, shekara biyun farko kwaɗi za ta yi, kamar yadda aka yi mani.

Maganar miji, ba ni da alƙawarin da zan ɗauka, na Allah ne. Abin da na gani shi ne ɗalibaina mata uku da suka yi nisa a wannan fanni duk suna ɗakunansu, ɗaya mijinta ne ke riƙe mata tocila. Abin da ya taimake su shi ne an faɗa wa manemin gaskiya tun kafin a kai kuɗi.

Kududdufin kuwa, kar ta jira samun gurbin karatu. Damina ta kusa. Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ta je da ƙanenta, ta tsaya wuri ɗaya ta naɗi kukan minti biyar, ta rubuta rana da lokaci, ta maimaita duk mako har ruwa ya ɗauke. Da rana ta ɗauki hoton wurin daga kusurwa ɗaya, a ga yadda ƙasar ke cin ruwan. Hotunan kwaɗin ta ɗora a manhajar iNaturalist, masana daga ko'ina za su taya ta tantancewa. Da na baya da na bana, ta samu damina biyu ke nan, kuma in an cike wurin, littafinta ne kaɗai shaidar abin da ya taɓa zama a ciki.

Na tura maka saƙo ta akwatinka na sirri. Ranar Talata ba ni da aji bayan azahar. In kun taso daga Daura da hantsi za ku iso da sauran lokaci. Ku zo da Hajiya in za ta yarda, in nuna mata takalman da sandar da idonta, kuma kar a manta da littafin.